Wanne Furotin Ne Kai?

Ya sanyin idona, inuwar da nake fakewa, ruwan farko bayan dogon zafi, mai gyaran wutata,

Wai da gaske bakinka ne ya faɗi abin da na ji jiya a falon yayana? Ina bayan ƙofa da faranti a hannu ya tambaye ka batun aikina, kai kuwa ko gyaran murya ba ka yi ba, ka ce bayan aure zan ajiye shi. Kai? Kai ɗin da na sani?

Ka manta ranar da ka zo gyara fitilun ɗakin gwajinmu? Kana kan tsani ka hango kwalabena jere, jawur da su, ka tambaya wa aka yanka. Na ce bakteriya ne, ƙananan halittu masu rayuwa da haske kamar ganye. Na gaya maka akwai wani sinadari a jikinsu, furotin, da ke danne ƙwayoyin gadon da ke ba su launi, ya hana su motsi. Akwai kuma wani, idan iska ta ragu haske ya lafa, sai ya zo ya riƙe wa mai dannewar hannu, launi ya samu ya fito. Ka sauko, ka goge hannu a wando, ka ce kai ne na biyun. Na yi dariya har shugabata ta leƙo, amma a zuciyata na yarda da kai.

Masoyina, na sha cire furotin na biyun da hannuna don in ga abin da zai faru. Ba sa mutuwa nan take. Koɗewa suke yi, kwalba ta koma kamar ruwan wanki. Irin matar da kake so a kai maka gida ke nan?

Ko kwarjinin Yaya ne ya ruɗa ka? In haka ne, ka koma ka gyara maganarka a gabansa kafin a sa rana. Ina sonka, son da ke hana ni cin abinci, kuma ban iya son wani ba. Amma ranar Litinin zan tafi aiki, haka ma Litinin ɗin bayan aurenmu, in akwai auren.

Taka har ƙarshen numfashi, mai jiran jin wanne ne kai,
’Yar Kwalabe