Igiyar Naman Inna da Baƙar Beyar

Sanaiya, Doha,
24 ga Yuli, 2022.

Zuwa ga yayata Basiratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Yaya Shehu, da yara, da Innarmu. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin gwiwar nan tata, ya karɓi layyarku, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ni ma lafiyata ƙalau, sai zafi. Zafin Doha a watan nan ba ya misaltuwa, kana fitowa daga bas riga za ta manne maka kamar an watsa maka ruwan wanka. Ina nan a gadin da kika sani, ƙofar rukunin gidajen nan na Aziziya, in an tashi bas ta kwaso mu ta dawo da mu Sanaiya, unguwar ma'aikata inda muke kwana. An sa sunana cikin waɗanda za su tsaya ƙofar filin wasa idan an fara gasar cin kofin duniya a watan Nuwamba, don haka duk Asabar muna wajen horo, ana koya mana yadda za ka yi wa mutum murmushi alhali hannunka yana cikin jakarsa. Na yi waya da Kawu Yusif a Sumaila, ya ce damina ta zauna, gero ya kai ƙugu, 'yarsa Ruƙayyatu kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, ki yi haƙuri da kashe miki waya da na yi ranar Juma'a. Kin san bakina, yana riga hankalina isa wuri. Shi ya sa na zauna na rubuta, don biro yana jira mutum ya yi tunani. Zan ɗauki hoton shafukan in turo miki, akwai kuma wurin da nake so ki karanta wa Inna da bakinki.

Bari in faɗi abin yadda na fahimce shi, in na yi kuskure ki gyara min. Kwana biyu da Sallah Inna ta yanyana naman layya, ta ɗaura igiya daga ginshiƙin baranda zuwa bishiyar bayan gidanku na can Amurka, ta shanya shi yadda take yi a gida kafin ta soya. Ana dab da La'asar sai ga baƙar beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, ta hauro shinge, ta miƙe a kan ƙafa biyu, ta zauna ta cinye rabi, ta ja sauran ta tafi. Yaya Shehu yana bayan gilashin kicin yana ɗaukar bidiyo, har ana jin dariyarsa, ya turo zauren 'yan uwa na waya wai baƙuwa ta zo yawon Sallah. Kowa ya yi ta turo fuskar dariya, har Kawu. Ni na kalli bidiyon nan ya fi sau goma, kuma ba dabbar nake kallo ba. Ki koma ki duba gefen hagu. Kujerar Inna ce ta roba, da carbinta a kai, tsakaninta da igiyar bai fi taku biyar ba. Alwala kawai ta tashe ta daga wurin. Mutumin da ya yi shekara goma sha yana karatun likita bai ga kujerar ba, sai ni da na tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare. Wannan layin kada ki karanta masa, ko kuma ki karanta, ruwanki.

Sannan ranar Juma'a kika gaya min Inna ta ce ba ta haƙura ba. Wai za ta fito da cinyar da ta rage a firiza ta sake shanyawa, wannan karon kuma ba za ta tashi ba, za ta zauna gadi da muciyar tuwo. Kin ce ta tuna muku shekarar da ta kori kura daga garken awakinmu da bakin wuta, ta ce wannan ma matsoraciya ce tunda da Yaya Shehu ya buga murfin tukunya ta haura shinge, ta kuma rufe ki da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Allah ya ja zamanin Inna, amma wannan dabbar ita ma hawa rimin take yi, kuma ta fi mu iya hawa.

Gadi sana'ata ce, don haka a nan ina da ta cewa. Shekara uku ina tsaye a ƙofar mutane. Mai gadi yana gyangyaɗi, mai gadi yana zagayawa, hankalinsa yana tafiya wani wuri ko da idonsa a buɗe yake. Abu na farko da aka koya mana shi ne kada ka tsaya tsakanin mai ƙarfi da abin da ya zo nema sai in akwai ƙofa a bayanka da za ka iya shiga da gudu. Inna tana ɗaukar minti guda kafin ta miƙe daga kujera. Da wace gwiwar za ta gudu?

Tun ranar da na ga bidiyon ba abin da nake karantawa a waya sai labarin dabbar nan, a bas, a layin abinci, har mudir ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, ya tambaye ni ko jarrabawa zan zauna. Kalmar da ta fi ƙarfina sai in duba ƙamus in ci gaba. Ga abin da na tsinta, kuma ba zan ƙara gishiri don in ci gardama ba. Gaskiya ne ba kasafai take taɓa mutum ba, ta fi son ta kauce. Ba kura ba ce, ba farautar mutane take ba, ciki ne ke kawo ta. Mutane ne suka yi ta gina gidaje suna cin dajinsu, su kuma suka gano abin da ke cikin kwandon shara ya fi sauƙin samu a kan tonon saiwa, shi ya sa a jiharku ta New Jersey da maƙwabtanta ake yawan ganinsu a unguwanni suna bi gida gida. Hancinta ya fi na kare nesa ba kusa ba, naman Inna tun daga cikin daji ta jiyo shi. Ta fi mutum gudu. Ba ta manta wurin da ta taɓa ci, za ta dawo ko da bayan makonni. Daga yanzu har sanyi ya shigo yunwarta ƙaruwa za ta yi, don tana tara kitsen da za ta kwanta da shi. Kuma duk dawowar da ta yi ta samu, tsoron mutum yana raguwa a ranta. Murfin tukunyar da ya kore ta jiya, gobe kallonsa za ta yi. Sabo turken wawa, mu muka saba da ita a bidiyo, ita ma ta saba da mu a bayan gida. A wajenku doka ta hana a ba su abinci, kuma wadda ta saba har ta fara tura ƙofar mutane, ƙarshenta harbe ta ake yi.

Wannan na ƙarshen ba sai na karanta ba, na gani. Ban taɓa ba ki labarin ba. Lokacin korona, da aka rufe titunan Sanaiya aka hana mu shiga da fita, akwai wata karya da ta haihu a bayan gininmu. Ba aikin yi, sai na riƙa kai mata ragowar shinkafa da ƙashin kaza, ina cewa sadaka ce. Sagiru, abokin ɗakina ɗan Gusau, ya ce in bari, ranar da ba ni nan wa zai ba ta. Na ce masa zuciyarsa ce ta bushe. Da aka buɗe gari muka koma aiki, ba mai kai mata, sai ta fara hawowa bene tana bin ƙofofi. Wata rana da yamma wani dattijo ɗan Bangaladash mai dafa wa ɗakinsu abinci ya taho da ledar kifi, ta kai wa ledar cafka ta haɗa da hannunsa. Ɗinki bakwai aka yi masa. Washegari mota ta zo ta kwashe ta da 'ya'yanta, ban kuma tambayi inda aka kai su ba don na san amsar. Dattijon har yau yana gaishe ni, bai san ni ne ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, to ni ne wanen, ga ni ina gaya muku.

Yanzu ga abin da ya sa na kashe waya, kuma ba ke na yi wa fushi ba. Kina cikin magana kika ce Inna tana kiran naman amanar Auta, wato ni. Nan take na tuna. Ranar Sallah da yammacin nan Doha, bayan kun sauko daga idi, na kira ta ina zaune da shinkafar kamfani da kazar ƙanƙara a gabana. Ta tambaye ni me na ci, sai bakin nan nawa ya ce mata shekara uku rabona da naman layyarta, korona ta hana ni zuwa gida, kuma duk naman duniya ba wanda ya kai wanda ta shanya a igiya ya sha iska kafin ya shiga mai. Sai ta tambaye ni yaushe ne Shehu zai zo kallon ƙwallon nan. Na ce Nuwamba. Ban kawo komai a raina ba, na ci gaba da surutuna. Ashe ni na ɗaura igiyar nan, Yaya. Ina nan ina zagin mai bidiyo, alhali kwaɗayina ne ya zaunar da tsohuwa a bakin daji da muciya.

Don haka kada ki yi mata faɗa, kada kuma ki kawo mata zancen doka, kin san in aka ce mata hukuma ta hana sai ta ce hukuma ba ta haifi Surajo ba. Ki zaunar da ita bayan ta idar da salla ki karanta mata wannan. Ki ce Auta yana gaishe ta, yana neman gafara, ya ce ya gode, naman ya iso masa tun ranar da ta yi niyya. Ki ce mata na rantse da Allah ba zan sa naman da aka shanya a bayan gidan nan a bakina ba, ko tsoka ɗaya, ko ta hannun wa ya zo. Na san abin da na faɗa, da alwalata na rubuta shi. Inna ba za ta so ta zama dalilin da ɗanta zai yi kaffara ba, kuma ba za ta shanya naman da ba mai ci ba. Cinyar nan ku soya ta a kicin ku ci, ku ɗiba wa maƙwabciyar nan da kika ce ita ta fara buga muku ƙofa tana gargaɗi, don ta fi mu gaskiya.

Sauran kuma aikinku ne ke da Yaya Shehu. Kwandon shara ya koma cikin gareji, sai safiyar ranar kwasa a fito da shi. Abin gashin naman nan da na hango a baranda a wanke shi tas a shigar da shi. Ɓawon kankana da ƙanzon tuwo da Inna take zuba wa tsuntsaye a gindin bishiya a daina, in sadaka take so ga masallacinku nan. Idan kuma Allah ya sa wani ya yi kiciɓis da ita, ba a gudu, ba a juya mata baya, a ja da baya a hankali ana magana da ƙarfi har a shiga gida. Ki koya wa 'yarki Fiddausi wannan kamar yadda kike koya mata Fatiha. Rigakafi ya fi magani, likitan gidan ya fi ni sanin haka.

Abu ɗaya nake so Yaya Shehu ya zo min da shi a Nuwamba, kuma ba zai yi masa nauyi ba. Igiyar. A kwance ta yau ɗin nan, ki turo min hoton ginshiƙin ba komai a jikinsa, sannan a naɗe ta a sa masa a jaka. Ki gaya masa yanzu laluben jaka aka koya min, in ban gan ta ba khalas, shi ke nan, sai ya kalli ƙwallonsa a talabijin. Zan ajiye ta a akwatina. Kwantiragina zai ƙare bayan gasar, Inna kuma kun ce za ta koma gida in jaririnku Mansur ya fara tafiya. In Allah ya kai mu Babbar Sallar baɗi, ni da hannuna zan ɗaura mata ita a tsakar gidanmu na Sumaila, daga turken awaki zuwa bishiyar darbejiya, ta shanya duk yadda take so. Can ɓarawon nama bai wuce shirwa ba, gadin kuma ni zan yi, ita ta zauna a inuwa da carbinta.

Ki gaishe min da Inna gaisuwa ta musamman, ki roƙa min albarkarta. Ki gaishe da Yaya Shehu, ki ce masa ƙaninsa ya yi masa rashin kunya a takarda, ya yafe, zan biya shi da shayin karak, mai madarar nan na Doha, in ya sauka. Ki shafa min kan Fiddausi da Mansur. Idan kin kira gida ki gaishe da Kawu Yusif da Ruƙayyatu mai jego, da Goggo Fausatu. Sagiru yana gaishe ku, ya ce in gaya miki wannan ne karo na farko da ya ji na ce shi ke da gaskiya. Allah ya tsare mana ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ina jiran hoton ginshiƙin.

Ƙaninki,
Surajo.