Ƙasar Bayan Sito

Dutsin-Ma, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga Abban Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Murja da rigimarta? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Ka san abin da ya kai mu Ɗantutture: tsohon siton nan da wani kamfani ya jibge maganin ƙwari ya tafi tun kafin a haife ni. Gangunan sun yi tsatsa, sun tsiyaye cikin ƙasa. Aikinmu mu auna ƙasar, mu kwashe gurɓatacciyar. Mun isa da fararen kaya da takunkumi, mutanen gari suna kallonmu kamar masu wankan gawa. Sai muka tarar an riga mu aikin. Bayan siton rami ne da ya fi tsayina.

Baba Rabe magini ne ya warware mana, cike da alfahari. Ya ce tun yana saurayi ya lura gara ba ta kusantar wurin, ko tururuwa ba ta ratsawa. Ya gwada yaɓe cikin rumbu da ƙasar, hatsi ya shekara biyu babu ƙwaro ko ɗaya. Daga nan kowa ya ɗauko amalanke. Har daga Rawayau ake zuwa ɗiba. Shekara shida na yi a jami'a, ban taɓa gwajin da ya kai nasa tsari ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rumbun Inna Yahanasu da ke nan garin. Ka san ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, tuwon rumbun nan na ci na girma. Baba Rabe ya ce da hannunsa ya yaɓe shi, kuma duk shekara uku yana sabunta mata saboda zumunci. Na kankaro yaɓen, na ɗebi gero, na aika ɗakin gwaji tare da na sauran gidaje. Inna ta ɗauka tsaraba nake ɗiba, ta ce in ƙara.

Ka gaida Hajiya.

Taka,
Nuriyya

Dutsin-Ma, 28 ga Fabrairu

Abban Murja,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya kai da Murja da Hajiya.

Sakamako ya fito. Maganin irin wanda ba ya ruɓewa ne, yana taruwa a kitsen jiki da nonon uwa. Rumbu goma sha tara na gwada, goma sha bakwai hatsinsu bai kamata ko kaji su ci ba. Na Inna ya fi kowanne. Zumunci ya yi rana.

Shugaban aikinmu ya karanta rahotona, ya yaba tsarin rubutun, sannan ya nuna mini taswira. Aikinmu iyakarsa wayar da muka kewaye siton da ita. Abin da ke wajen waya za a kafa masa kwamiti. Jiya muka cike ramin da sabuwar ƙasa, muka kafa allon gargaɗi. Yanzu duk garin babu wurin da ya kai shi tsafta.

Na zaunar da Inna na faɗa mata. Na so ta musa, ba ta musa ba. Ta tambaye ni ko shi ya jawo ɓarin da surukarta Talatu ta yi sau uku. Na ce ban sani ba, kuma gaskiyar ke nan. Sai ta ce idan an ƙone dami arba'in, me mutum goma sha ɗaya za su ci har kaka? Na ce zan aiko mata da hatsi. Ta ce to sauran gidaje goma sha shida fa, su ma kowa yana da 'ya mai digiri? Ta ce ba ta iya cin nawa maƙwabta suna cin nasu.

Da azahar ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, ta zauna tana kallona. Na wanke hannu na ci. Daɗinsa bai canza ba.

Abu guda nake roƙonka. Buhun geron da Inna ta aiko mana da kaka, wanda ake dama wa Murja kunu da shi, ka fitar da shi daga kicin yau ɗin nan. Ka duba nawa ya rage, ka rubuto mini, kada ka rage lissafin don ka kwantar mini da hankali. Kuma na san halinka, Munzali: don Allah kada ka bayar da shi sadaka.

Allah ya tsare mini ku.

Matarka,
Nuriyya