Takubban da Kawu Ya Bisne

Zuwa ga yayana Ma'azu, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Shi sa takardar ga ta iske ka lahiya, kai da iyalinka. Inna tana Affala, ƙahwarta ta yi dama. Ni kau tun bayan girbi ta turo ni Tawa wurin Kawu Alhusaini, ina yi mishi zuga a maƙera.

Yaya, soji sun kama Kawu. Ni har yanzu ban gane ba, amma ga yadda anka yi.

Anasara masu yawon ganin gari ba su son sabon takobi, sai tsoho. To Kawu in ya ƙera, sai mu yayyahwa musu ruwan gishiri, mu bisne bayan gida su yi tsatsa, kana a tono a ce na kakanni ne. Ni ke ginar ramin. Tun da tawaye ya tashi arewa baƙi sunka ɗauke ƙahwa, takubban na ƙasa ba mai saye.

Baƙo guda ɗai na taɓa gani, mutumen Japon, Mushe Hara (Mushe shi ne Malam da Faransanci). Tafintan da ya rako shi ya ce garin su Mushe Hara ma maƙeran takobi ne, har motoci ke kawo mutane kallon ƙira. Da anka miƙa mishi sabon takobi sai ya duƙa mishi kamar shina gaida babba, ya toshe baki da ƙyalle kada numfashinshi ya taɓa ƙarhen. Takobi mai tsatsa kau ya ƙi shi, ya ce zunubi ne. Kawu ya yi dariya ya kai shi bayan gida ya gwada mishi ramin, shi kau ya ɗauke mu hoto muna bisnewa.

Ran Talata soji sunka zo sunka tone. Sun ce makaman 'yan tawaye ne anka ɓoye, tunda Kawu na jin Buzanci kuma danginshi na Tabaram, can arewa. Na ce musu na anasara ne, sunka ce wane mahaukaci za shi sayi tsatsa. Baba Azumi, matar Kawu, kullum tana kai tuwo bariki. Jiya sun maido mata kwanon ba a taɓa ba, kuma ba wanda ya ce mata komi.

Mai unguwa ya ce in da hoton nan, ƙila su yarda. Tafinta ya ce Mushe Hara Abijan ya nuhwa. Don Allah, Yaya, ka bar tallan ko na yini ɗaya ka biɗo shi. Gajere ne, da madubin ido, shina yawan duƙawa. An ce garin ya hi Tawa girma, amma ka tambaya kasuwa, ai ba za a rasa wanda ya san shi ba.

Ka gaida matarka Aminata da yara, da Garba abokinka. Kada ka gaya ma Inna tukuna.

Ƙanenka,
Manzo