Awa Biyar ɗin Mutari Suna Cikin Gonata

Zuwa ga Mai Girma Darakta na babbar lakkwal inda ƙanena Mutari ke karatu, tare da malamansa biyu, na ilimin halittu da na tarihi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da yaran da aka ba ku amanarsu. Allah ya ja zamanin Darakta.

Sunana Isufu. Manomi ne ni a wani ƙauye na ƙasar Ollelewa, cikin Damargu. Ni ne yayan Mutari, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da gidan. Ban yi lakkwal ba. Wannan rubutu a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, bayan samun mulkin kai, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri. Na fito da maganar fili ne saboda sau biyu ina aiko da saƙo ta hannun direban mota, ban ji amsa ba.

Kwana goma sha ɗaya da komawa daga hutun damina kuka sallamo Mutari, saura masa aji ɗaya ya zauna jarrabawar fita. A takardar da ya zo da ita akwai layi guda da na sa ya fassara mini har sau uku: wai bai ba karatunsa lokaci ba. A kan wannan layi nake rubutu. Kujerarsa nake roƙo a mayar masa, don an gaya mini in wannan shekara ta wuce, shekarunsa sun haura, babu sauran ƙofa. Ba da fushi nake magana ba. Na nemi fushin a cikina ban same shi ba, tun da ya dawo ko abinci ba na jin gishirinsa. Zan dai faɗi abin da ya faru bi da bi.

Na farko, batun awa biyar.

Mutari ya zo hutu da takarda daga wurinku. Ta ce makinsa a darussa biyu ya yi rauni, kuma ba zai hau ajin ƙarshe ba sai da aikin hutu. Kowace rana awa uku ga ilimin halittu, awa biyu ga tarihi. Ban da haka, ya tattaro tsiro iri arba'in, ya danne su, ya busar, ya manna kowane a takardarsa da sunansa. Gaskiya da fari na ɗauka dabara ce ta gudun noma, don na san halin ƙannai. Ranar kasuwa na ɗauki takardar na kai Tanut wurin wani ma'aikacin asibiti mai agogo. Ya karanta ya ce haka take. Na tambaye shi awa biyar nawa ce a rana, tun da mu ba mu da agogo sai inuwa. Ya ce in ɗauka daga hantsi har rana ta take tsaka.

Ranka ya daɗe, wannan shi ne lokacin gandu. A wurinmu daga safe zuwa azahar duk namijin gida yana gonar gida, babu nawa babu naka. Bayan azahar ne mutum ke da kansa. Mako guda na sa shi ya yi karatun da yamma, kamar yadda ake yin gayauna. Wanda ya wuni yana tura hauyar tsaye cikin rairayi ba ya da sauran kai. Na same shi sau biyu ya kifa goshi a kan littafi yana barci. Fitila kuwa ba mu da wadda za ta ɗauki karatu. Sai na ce masa ya ajiye hauya, ya ɗauki safiyar. Ba wanda ya tilasta ni. Na yi ne don takardarku ta ce haka.

Na biyu, awa biyar ɗin ba ta isa ba.

Ban san wanda ya auna ta ba, amma ina jin ya auna ne da yaron da ke da malami kusa da ƙamus a hannu. Mutari ba shi da wanda zai tambaya daga nan har Belbeji. Littafin tarihin cike yake da sarakunan Turai da yaƙe-yaƙensu da shekarun da aka yi su. Shafi ɗaya kan cinye masa daga hantsi zuwa walaha, yana zaune ƙarƙashin aduwa yana maimaitawa har awaki suka saba da muryarsa. Na halittu ya fi wuya. Ya zana ciki da wajen ƙwayar da ido ba ya gani, ya haddace hanyar jini, ya haddace yadda tsiro ke shan iska. Tsiron kuma an ce sai mai fure. Akwai wanda ya bi har wajen Tenhya, tafiyar wuni, kafin ya same shi da furensa. Da na sake kwatantawa da ma'aikacin asibitin nan, sai muka ga abin ya kai awa bakwai, wata rana takwas. Haka ya yi wata biyu da rabi, ban da ranar Juma'a.

Na uku, inda lokacin ya fito.

Lokaci a damina ba a tsintarsa a ƙasa, daga bakin wani ake cire shi. Ni kaɗai na yi noman firi. Kafin in kai ƙarshen gona, farkonta ya sake rufewa. Maimai kuwa rabi na samu na yi, ɓangaren gabas ban taɓa shi ba. Ƙarangiya da ƙuduji suka cinye shi ina kallo. Bara da hannu biyu, ni da shi, mun ɗaure dami tamanin da huɗu. Bana, da ruwa bai gaza ba, hamsin da ɗaya muka kai rumbu, mu tara ne a gidan. Ba kuka nake yi ba, Allah ne mai ciyarwa. Ina so ne ku san cewa lokacin da kuka ce bai bayar ba, an bayar da shi, kuma har yanzu yana nan tsaye a gabashin gonata, wanda ya zo zai gani.

Na huɗu, abin da ya sami tsiron. Wannan ne Mutari ya ƙi gaya muku.

Ya cika arba'in ɗin. Ni na ɗauko masa dutsen niƙa da ya danne su. Ya jera su cikin akwatinsa na ƙarfe, kowane a takardarsa. Jajiberin tafiyarsa muka je sallama ƙauyen kawunmu, muka bar mahaifiyarmu tana haɗa masa guzuri. Inna ta buɗe akwati ta ga ganye a takarda. Ta riga ta ji ana cewa malamin birni ya ce a zo masa da ganye. A saninta ba a aiken mutum ganye sai don miya ko magani. Ta duba ta ga tumfafiya, ta ga ƙarangiya, ta ga ƙuduji wanda ko ƙofar gida ba a shigo da shi. Tafasa da lalo kuwa reshe ɗai-ɗai, abin da ba zai kaɗa ludayi ba. Sai ta ga za a yi mana dariya, a ce gidan su Mutari ko ganyen miya ba su iya aikawa ba. Ta ɓamɓare su duka ta watsa wa awaki. Takardun ta share ta mayar, don ba ta yarda a wulaƙanta rubutu. Sannan ta ɗebo tafasa da lalo da yakuwa daga nata tanadin na rani, ta cika jaka, ta ɗinke baki, ta cusa a ƙasan akwati. Ba ta faɗa ba sai bayan ya tafi, ta bari ya gani da kansa ya ji daɗi.

Sai a gaban aji ya gani. Ya ce da ya buɗe, malamin halittu ya ɗaga takarda ba tsiro a kanta, ya ɗaga ta biyu, ya ga jakar ganye, ya ɗauka raini ne. Ya tambaye shi dalili, Mutari ya sunkuyar da kai. Ranka ya daɗe, ɗan Damargu ba zai tsaya gaban yara arba'in ya ce uwata ce ta yi ba. Gara a kore shi, kuma an kore shi. Sifirin da aka ba shi ya janyo makinsa duka ƙasa, alhali a tarihin ya ci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa ni na faɗa. Bai san na rubuta wannan sashe ba.

Yanzu yana nan. Yana taya ni sussuka, ba ya magana sai an yi masa. Littattafan suna cikin akwati, bai sake buɗewa ba.

Ga roƙona.

Ɗaya, na haɗo da takardun nan arba'in. A ɗaga su a rana. Kowace tana da inuwar ganyen da ya kwanta a kanta, da sunansa da hannun Mutari, da wurin da ya tsinko shi. Malamin halittu ya san aikinsa, zai gane ko an yi ko ba a yi ba.

Biyu, a kira shi a yi masa tambaya baki da baki a kan darussan biyu, duk tsawon da kuka ga dama. In ya faɗi, na karɓa, ba za ku sake jin bakina ba. In ya ci, a mayar masa da kujerarsa kafin ƙofar ta rufe.

Uku, ko ba ku mayar da shi ba, a goge layin nan. A rubuta wani dalili.

Huɗu, nan gaba in za ku rubuta wa ɗan manomi awa biyar, ku rubuta gaskiyar adadin, ku kuma aiko da wanda zai gaya wa iyaye da Hausa abin da ake nufi da ganye.

Inna ba ta sani ba. Mun ce mata an ƙara hutu ne. Tun da ta ji ina rubuta muku takarda take zuwa tana tsayawa a kaina. Ta ce in gaishe da malamin halittu da kyau, in tambaye shi ko miyar ta yi masa daɗi, in kuma gaya masa ta shanya wata tafasar, Mutari zai zo da ita idan ya koma. Na isar da saƙonta. Amsar da zan ba ta tana hannunku.

Allah ya ƙara wa Darakta lafiya da adalci, ya sa ku gama da aikinku lafiya, ya raya muku zuriya, ya sa a saurare su ranar da suka kasa magana.

Wassalam.

Isufu, yayan Mutari,
daga ƙasar Ollelewa, Damargu.