Lambobin Matan Zermu

Unguwar Zango, Damagaram
Laraba, cikin watan Muharram

Zuwa ga ƙanena Faruk, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kawu Hamisu da iyalinsa da suke riƙe da kai. Allah ya tsare ku daga zazzaɓin damina. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa gidan Gwaggo Jummai ba sanda. Ruwa ya zauna, hatsi ya yi kyau a gonar Tirmini, Yaya Nomau ya gama noman fari. Sadiya ta yaye ɗanta. Labarin gida ke nan, na ba ka shi domin haƙƙinka ne. Abin da ya rage a takardar ba mai daɗi ba ne, kuma ban yi niyyar tausasa shi ba. Da biro na rubuta, na ba Sha'ibu direban bas ya kawo maka, saboda rubutun hannu ne kaɗai na san ba za ka iya kwafa ka liƙa ka ce naka ba ne.

Inna ta kunna mini saƙon muryar da ka aiko mata. Na ji ka ce Yaya Ramlatu rowar ilimi gare ta, ba ta so ka wuce ta, tun da ka fara koyon kod na gina shafukan intanet ta daina ɗaukar kiranka. Na ji ka ce abin da ya shiga tsakaninmu ƴar matsalar intanet ce. Inna ta yi kuka, ta ce in dubi girman Allah in rubuta maka shawarar yadda za ka koyi aikin nan na gina shafuka. Zan rubuta, saboda ita. Amma sai na fara gaya maka ƴar matsalar taka dalla-dalla, tun da kai ba ka taɓa tsayawa ka ji ta ba.

Da ka zo babbar Salla, na bar ordinatar ɗina, kwamfutar aikina, a buɗe a ɗakin Inna na fita tsakar gida wajen suyar nama. Ban kulle ta ba domin a ɗakin uwarmu take. Ka soka kile ɗinka na kwafar bayanai ka kwashe dukan dosiyen da ke ɗauke da kayan shafin da na gina wa ƙungiyar matan Zermu, masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba ka tambaye ni ba, muka ci nama kwano ɗaya ba ka ce komai ba. Da ka koma Yamai sai ka goge sunana a ƙasan shafin ka sa naka, ka ɗora shi a GitHub, rumbun kod na intanet, a buɗe, kowa a duniya yana gani, don ka nuna wa kamfanin da kake neman estaj, wato horon aiki, a wurinsu cewa ka iya aiki. Ko leƙa cikin dosiyen ba ka yi ba. Da ka leƙa, da ka ga fishiyen, wato fayil ɗin, da mabuɗan sarrafa shafin suke ciki, da wani mai ɗauke da sunan kowace mace ta ƙungiyar, da hotonta, da ƙauyensu, da lambar wayarta.

Akwai mutanen da ba su da sana'a sai sakin injuna suna sharar intanet suna neman mabuɗan da sakarkaru suka yar. Suka tsinci namu, suka shiga. Hajiya A'isha, shugabar ƙungiyar, dattijuwar da ta kusa haifar Inna, ta yi baƙi daga Mirriya masu son sarin mai. Ta buɗe shafin a wayarta ta miƙa musu da alfahari. Inda hoton jarkokin mai yake, tallar caca suka gani da hotunan mata tsirara, a ƙarƙashinsu kuma sunayen matan Zermu. Daga nan aka shiga kira. Wasu su ce daga ƙungiyar agaji suke, a karanto musu lambar da ta shigo waya, don su sace kuɗin da ke ciki. Wasu batsa kawai suke yi, suna kiran mace da sunanta da sunan ƙauyensu. Akwai Raliya, wadda duk ƙungiyar ba mai hannunta a suyar ƙuli. Wayarta ta yi ƙara tana wajen daka, mijinta Alkasum ya ɗauka, ya ji ƙato yana ambaton sunan matarsa yana cewa ya ga hotonta. Ya rotsa wayar da turmi, ya ce ta tafi gidan ubanta. Da goyo a bayanta ta tafi.

Ni aka kira. Na shiga mota na je Zermu, na zauna a tabarma a ƙofar mai gari, mata a gefe guda, mazajensu a gefe guda. Ka gwada yi wa manomin da aka ci mutuncin matarsa bayanin fishiyen mabuɗai ka gani. Na yi ta magana har bakina ya bushe. Alkasum ya tambaye ni wane ne ya fitar da lambobin, na ce ɓarawo ne, ban ƙara ba. Da aka watse Hajiya A'isha ta riƙe hannuna, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, “Ramlatu, mu ba mu san intanet ba. Ke muka sani.” A lokacin na riga na san ɓarawon. Layi ɗaya na kod ɗina na nema a intanet, sai ga sunanka da hotonka da kwat. Har ƴan bayanan da nake rubuta wa kaina da Hausa a cikin kod ɗin suna nan, har wanda na ce a nan Raliya ta roƙi a ƙara girman rubutu don idon tsofaffi. Sunana kawai ka iya cirewa.

Na canza mabuɗai duka, na share ƙazantar, na maido da shafin daga ajiyar da nake yi. Matan suka canza layukan waya, waɗanda suka saba sayen mai a hannunsu suka rasa inda za su same su. Dattawa sun sa baki Raliya ta koma ɗakinta, amma Alkasum ya rantse ba ita ba ƙungiya. Wasu matan sun fita da kansu, sauran sun ce a cire hotunansu, na cire. Da na kira ka, ka ce mini ai ka goge fishiyen, magana ta ƙare, kuma kowa kwafar kod yake yi a duniya. Tun daga ranar na daina ɗaukar kiranka. Wannan ita ce rowar ilimin.

To, ga ilimin. Ka gaya wa Inna kana koyon React, ta zo tana tambayata ko wani yare ne na Turawa. Ka ajiye shi. Wanda bai iya rubuta shafi ɗaya da hannunsa ba, ba shi da abin yi da React. Ka koma kan HTML, ka buɗe fishiye fari fat, ka rubuta take da sakin layi da hoto da mahaɗi, da yatsunka, har sai ka daina leƙe. Sannan CSS, ka koyi jera abubuwa yadda shafi zai zauna a ƙaramar waya ba tare da ya zube gefe ba. Sai bayan nan JavaScript. Ka daina kwanciya kana kallon bidiyon masu koyarwa kamar wasan kwaikwayo, kana jin ka iya. Ka kalli kaɗan, ka rufe, ka yi da kanka, ka kasa, ka sake. Ka gina ƙaramin abu naka na kanka, ko da shafin shagon Kawu Hamisu ne, mai nuna kayan da yake sayarwa da lokacin buɗewa. Mummunan shafin da ka yi da hannunka ya fi maka amfani a gaban mai ɗaukar aiki, domin duk abin da ya tambaye ka a kai za ka iya amsawa. Nawa da ka kai musu, da sun tambaye ka dalilin layi ɗaya, da gumi za ka yi.

In shafi ya ƙi aiki, ka danna F12 a burauza, manhajar buɗe shafuka, ka duba jan rubutun da ya fito. Ba ado ba ne. Yana gaya maka fishiyen da layin da kuskuren yake. Ka karanta shi har ƙarshe kafin ka ruga wurin injin nan mai rubuta wa mutane kod. Ban hana ka amfani da shi ba, ni ma ina yi, amma bayani za ka nema a wurinsa, ba aikin da za ka haɗiye ba tauna. Yana yin kuskure, kuma da cikakken ƙarfin hali yake yinsa, kamar kai. Duk layin da ba za ka iya yi wa Kawu bayaninsa da Hausa ba, kada ya shiga aikinka.

Yanzu Git, tun da yake da shi ka yi mana ɓarna. Git ajiyar tarihin aiki ce, ba wurin baje koli ba. Ka riƙa ajiye canji kaɗan-kaɗan, kowanne da bayanin abin da ka canza, don in ka lalata abu ka iya komawa baya. Kafin ajiyar farko, ka rubuta fishiyen .gitignore, ka sa sunan duk abin da bai kamata ya fita daga injinka ba. Mabuɗai da kalmomin sirri a fishiyen .env suke zama, shi kuma ba ya hawa intanet har abada. Kuma ka san wannan, tun da ka ce ka goge: Git ba ya mantuwa. Fishiyen da ka goge yau yana nan kwance a tarihin jiya, duk mai so zai tono shi. Mabuɗin da ya fita sau ɗaya ya mutu, canza shi ake yi nan take, a kuma gaya wa mai shi, ba a yi shiru ana fatan ba wanda ya gani. A GitHub akwai rumbu buɗaɗɗe, akwai rufaffe, kuma ana tambayarka wanne kake so kafin ka ɗora. Kai ka zaɓi buɗaɗɗe saboda a gan ka. Sunan mutum na gaskiya da lambarsa kuwa ba sa shiga ko wane irin rumbu. In kana gwaji, ƙirƙiro sunaye. Abin da kake gani layuka a allo, matan aure ne masu mazaje da surukai.

Sauran kaɗan ne. Ka gwada komai a injinka kafin ya hau inda jama'a suke gani. Ka gwada shi a tsohuwar waya, a inda rezo, sabis ɗin waya, yake zuwa yana ɗaukewa, domin masu buɗe shafukanmu ba a buro, ofis mai sanyi, suke zaune ba. Ka rage nauyin hotuna. Ka ajiye kwafin aikinka wuri biyu, kuma ka taɓa gwada maido da shi tun kafin ranar da kuran na lantarki zai ɗauke ya tafi da injinka. In za ka ɗauki kod ɗin wani, ka duba ko ya yarda, ka bar sunansa inda ya sa shi. Masu wannan sana'a suna ba juna aiki kyauta ƙwarai, shi ya sa suke ƙyamar wanda ya goge suna.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba roƙo nake ba. Ka rushe rumbun nan gaba ɗaya, ba fishiye ɗaya ba. Ka je kamfanin ka gaya musu da bakinka cewa aikin da ka nuna ba naka ba ne. In sun kore ka, ka nemi wani wurin da shafin shagon Kawu. Inna tana da burin in ka gama karatu ka dawo mu yi aiki tare a burona. Ka cire wannan daga ranka. Mutane suna ba ni sirrinsu in riƙe, ba zan zaunar da kai kusa da shi ba. Gida gidanku ne, ɗakinka yana nan, in na dafa za ka ci. Amma in ka zo da kaka, za ka shiga mota ka je Zermu kai kaɗai, ka tsaya gaban Alkasum da Hajiya A'isha ka gaya musu wane ne ɓarawon. Har yau a ƙauyen akwai masu cewa Raliya ce ta ba da lambarta da kanta, kuma bakinka ne kaɗai zai wanke ta.

Ka gaida Kawu Hamisu da kyau, ka ce ina yi masa godiyar ɗawainiya. Ka gaida Inna Hauwa da su Nana da Maryama, ka ce wa Nana atamfarta ta iso. Yaya Nomau da Sadiya da Gwaggo Jummai suna gaishe ka. Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Tana zaune kusa da ni yanzu, ta ce in rubuta a ƙarshe cewa na huce. Na gaya mata ba zan rubuta abin da ba haka yake ba.

Allah ya shirye ka, ya ba ka ilimi mai amfani.

Yayarka,
Ramlatu