Jikokin Kifin Abah

Zuwa ga yayata, Teh Rohayah,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar taki? Ya mijinki Kang Uhen da yara? Mu nan kan tudu lafiya lau, ban da kifi.

Iyayen kifin da kika aiko min bayan rasuwar mahaifinmu Abah, kin ce 'ya'yan Koneng ne, tsohuwar uwar kifin nan mai ruwan ɗorawa da yake ciyarwa da hannunsa. To sun yi ƙwai. Rabi ya yi fari ya ruɓe. Waɗanda suka ƙyanƙyashe bayansu a lanƙwashe kamar ƙugiya, suna ta juyi wuri ɗaya. Mai sayen 'ya'yan kifi ya leƙa ya ce min, "Neng Tati, waɗannan naki rawa suke koyo?" Ruwana daga idon dutse yake, shi muke sha, don haka kada a ce min ruwa ne.

Tambaya kawai nake: wa ya zaɓi waɗanda aka ɗaure min a leda? Ke ce, ko Kang Uhen? Na san shi da son ajiye na kirki.

Ƙanwarki, Tati

Zuwa ga ƙanwata Tati,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Ina gaida maigidanki.

Ni na zaɓa da hannuna, kuma Allah ya sani waɗanda suka fi ƙiba na ba ki. Nawa ma bana haka suka fito.

Kang Uhen ya ɗora abin kan Mang Sarju, mai gyaran kujerun nan da ke sama da mu, tunda sun taɓa faɗa a kan rabon ruwa. Na ce, "Kang, ka gani da idonka?" Ya ce, "Hancina ya gani." Na hana shi zuwa. Sai dai ni ma, in zan wuce makarantar asuba, sai in ga ina leƙa kwatar mutumin, in dawo ina istigfari. Abin da ya tsaya min a rai shi ne hannun Mang Sarju bai kai tudunku ba.

Na ba Bu Lilis, ma'aikaciyar ofishin kiwon kifi, ƙwai da laka ta kai a duba. Ki yi haƙuri mu ji.

Yayarki mai yi miki addu'a, Rohayah

Teteh,

Salam, yayata. Na ji. In naki ma sun lalace, me ya sa sai da na tambaya kika faɗa? Ita kuma Bu Lilis, ki tambaye ta ko ba 'ya'yan kifin ofishinsu take so ta sayar mana ba.

Na gaishe ku. Tati

Zuwa ga Tati,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna cikin kariyar Allah. Ki zauna kafin ki karanta.

Kin tuna soson tsofaffin kujeru da Abah ke cusawa a bakin magudana don ya tace laka? Yana alfahari da dabarar, har rabin ƙauye suka kwaikwaye shi. Bu Lilis ta ce tun a masana'anta ake jiƙa irin wannan soso da magani don kada ya kama wuta. In ya tsufa ya marmashe, maganin ya zauna a laka, ya shiga kitsen kifi, uwa kuma ta zuba shi a ƙwanta. Shi ya sa 'ya'ya da jikoki ke fitowa da shi, ko da a ruwan dutse aka haife su. Ta ce kada a ƙara haɗa su don su yi ƙwai, kada kuma a ci su. Ba ta yi min tallan komai ba.

Na je na roƙi Mang Sarju gafara. Ya saki baki, ya ce, "Teh, gafarar me? Ai ni nake ba Abah soson, kyauta, har da godiya yake min." 

Kang Uhen yana so a kai manyan kifin kasuwa, wai wa zai sani. Na ce Allah ya sani, kuma 'ya'yan mutane ne za su ci. Jiya bai ci tuwon shinkafata ba, amma ya yarda. Za mu zubar da ruwan, mu kwashe lakar, mu binne kifin. Irin kifin da Abah yake kiwo tun muna yara ya ƙare ke nan.

Saura Koneng. Har yanzu in na tsaya a bakin tafki sai ta taso tana buɗe baki, kamar yadda take yi masa. Ban iya yanke komai a kanta ba. Ke ma 'yarsa ce, ki faɗa min.

Allah ya jiƙan Abah, bai sani ba. Rohayah

Teteh,

Wa alaikumus salam. Na binne nawa. Na kuma fitar da buhun soson da na kwaso daga rumfar Abah, saura kaɗan in sa shi a magudanata.

Ki gaida Kang Uhen. Kada ki nuna masa wasiƙata ta farko.

Koneng kuwa kada a taɓa ta. Ki aiko min ita. Na wanke ƙaramin tafkin nan na bayan madafa, za ta zauna ita kaɗai, ba namiji, har lokacinta ya yi. Ni zan riƙa ba ta da hannu.

Ƙanwarki, Tati