Na Je Wurno Ni Kaɗai

Daga Sakkwato zuwa ga yayata Sakinatu a Zazzau, gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya yara?

Ina lafiya, aikin tafinta yana tafiya. Bature ya ba ni hutun kwana uku, na hau doki na tafi Wurno. Na ziyarci hubbare, na ga tsohuwar ganuwa da fadamar shinkafa iya ganin ido. Sau biyu ina juyawa in ce, "Duba!" amma babu kowa a gefena. Wata tsohuwa mai fura ta tambaye ni, "Malam, kai ɗai kaz zo?"

Yaya, ki roƙar mini Inna ta bar matata Bara'atu ta biyo ayarin lokacin kaka. Ɗakin da na gina mata tuni ya bushe.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki, Siddiƙu.